Haƙoran Inna da Ƙwayar Shanshera

Tun da aka gama wa Inna aikin bakinta, babu suna ko gaisuwar da zan je a Kura ba a ja ni gefe ba. Saude, wai da gaske ne ana dasa haƙori a cikin ƙashi? Da zafi? Ana cin nama da shi? Na gaji da maimaitawa, bakina har ya yi tsami. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya karanta, in ya so ya yi abin da ya ga ya fi masa. Godiya tana ciki, domin kuwa Allah ya yi mana abin godiya. Ƙorafi ma yana ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Inna mahaifiyata ce, a gari ana ce mata Hajiya Yalwa, sana'arta gumin shinkafa. Ana sayo shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, a jiƙa, a turara a rabin duro, a baza a tamfol ta sha rana, sannan a kai inji a cashe. Duk wannan wahalar, ribar tana rataye ne a kan lokacin kwashe shanya. In aka kwashe da sauran danshi, inji ya cuɗe ta. In ta zarce bushewa, ta fito tsaki, sai dai a sayar wa masu waina. Inna da haƙori take ganewa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta ɗora a gefen dama na bakinta, ta danna a hankali, ta lumshe ido. Sai ka ji ta ce "kwashe," ko ta ce "bar ta zuwa la'asar." Kowa a harkar yana cizo, amma ba kowa ke ji ba. Masu inji ma in aka ce musu Hajiya Yalwa ta ciza, ba sa zura hannu a buhu. Da wannan cizon ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da shi ta je Makka.

Ciwon suga ne ya cinye mata haƙoran, sannu a hankali. Da fari dasashi ne ke jini in ta yi asuwaki. Daga nan haƙora suka fara girgiɗi, yau wannan ya faɗi a cikin tuwo, bayan 'yan watanni a cire wancan a asibitin gari. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ce ministar shawara a danginmu. Ta kawo kanumfari, ta kawo bagaruwa, ta kawo wani gari a leda da ta ce daga Dawakin Kudu aka aiko mata. Da haƙorin ƙarshe ya fita, sai ta ce tsufa ne, a bar baiwar Allah ta sha kununta lafiya.

An yi mata na roba, irin wanda ake cirewa a jiƙa a kofi. Bai zauna ba. Ƙashin muƙamuƙin ya riga ya zaizaye, sai abin ya riƙa yawo a baki. Ranar da ta gwada cizon shanshera da shi, ƙwayar ta shige ƙarƙashi ta yanke ta, na ƙasan kuma ya faɗo a kan tamfol a gaban mata. Ba wadda ta yi dariya, amma daga ranar Inna ba ta sake zuwa filin shanya ba. Ta bar wa Lantana, abokiyar guminta tun suna 'yan mata-mata, ita kuma Lantana ƙarfi gare ta amma ba ta da bakin. Inna ta rame, ta daina hira. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce da ni, "Ni ba nama nake kwaɗayi ba, Saude. Ina jin ƙamshin gumi ta kan katanga, ina zaune kamar kayan wanki."

Yaya Habu ne ya zo da maganar dashe. Shi ne babbanmu, yana lodin tumatur da albasa zuwa kudu, a can ya ga wani maigidansa da aka yi wa. Masu tambayata nawa ne, ba zan faɗa ba, don in na faɗa ma yau, gobe ya canja. Abin da zan ce kawai, gonar Yaya ta bakin kanal, ta hanyar Bunkure, wadda ruwa ba ya yanke mata rani da damina, tana hannun wani a jingine har yanzu da nake wannan rubutun. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Da ta ji, cewa ta yi, "Gaya wa ɗan'uwanki ya bar gonarsa." Shi kuma ya ce in gaya mata an riga an sa hannu. Ni ce 'yar aike a tsakani, suna zaune a tsakar gida ɗaya.

Sai zirga-zirgar Kano. Mu fita da sassafe, mota ta ajiye mu, mu hau a daidaita sahu, mu tarar benci ya cika. A babban asibiti muka fara. A yanki kati, a jira, a kira suna, a ce injin hoton ƙashi ya lalace, ku je waje ku yi ku dawo. Mu dawo da hoto a ce likitan ya tafi taro. Da aka gan mu, aka auna suga aka ce ya yi sama, ba mai taɓa bakin nan sai ya sauka. Watanni muka yi muna faɗa da Inna a kan shayi da fura. Ni ina koyarwa a firamare, na roƙi izini har kunyar shiga ofishin hedimasta nake ji.

Daga baya aka haɗa mu da wata likita a asibitin kuɗi, matashiya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta iya magana da tsofaffi, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Ta nuna wa Inna hoton a jikin kwamfuta ta ce, "Mama, wasu 'yan ƙarafa za mu ɗaura a cikin ƙashi, sama da ƙasa, su za su riƙe haƙoran, ba cirewa ba mayarwa. Amma sai ƙashi ya kama ƙarfe. Kafin ya kama, in aka dame shi, ba zai zauna ba."

Inna ta ce, "Kamar dashen shinkafa ke nan, ba a shiga sai ya kama ƙasa."

Likita ta yi dariya ta ce haka ne. Ta tambaye ni me Inna ta fi ci, na lissafa. Ta hana nama, ƙanzo, goro, rake, gyaɗa, duk wani abu mai tauri, har sai ta ba da izini. Inna ta ce, "In sun kama, zan yi cizo da su?" Ta ce, "Har ƙashin kaza, Mama. Sai dai ba irin naki na haihuwa ba ne, waɗannan ba su da jijiya." Yaya ya ce alhamdu lillahi, an huta da ciwon haƙori ke nan. Mu duka muka ɗauke shi albishir. Ita ba ta tambayi sana'ar Inna ba, mu ma ba wanda ya ga dalilin faɗa.

Ranar aikin ba zan tsaya ba da labarinta ba. Na zauna a waje ina jin ƙarar abin huda, na ja carbi har yatsana ya yi ciwo. Ta fito da haƙoran wucin gadi an ɗaure su a kan ƙarafan, fuska ta fara hawa. Makon farko kumburi ne da yawu da jini-jini a kan filo. Kunu mai sanyi a cokali, ruwan gishiri, ƙwayoyi, awon suga safe da yamma. Na kwaso kayana na dawo gidanta, na bar wa maigidana yara da tukunya. Mako na biyu aka cire zare. A na uku kumburi ya saɓe, na kama ta tana duba bakinta a madubin Makka da ke jikin bango, tana yi wa kanta murmushi. Na koma bayan ɗaki na yi kukana na goge ido.

Lokacin ya zo daidai da girbin rani. Shanshera ta cika gari, zafi kamar wuta, da yamma kuma hadari ya riƙa haɗowa yana watsewa. Mata suka yi ta zuwa dubiya. Lantana kullum, wani lokacin sau biyu a yini, da sauran masu gumi, bibbiyu, uku-uku. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe Inna tana da mutane haka. Duk sanda suka tafi sai in ga fuskarta ta washe. Da sun zauna za ta ce, "Saude, tashi ki dama wa baƙi fura," ko "je ki duba wutar nan." Ni kuwa na tsare kicin kamar soja. Tuwo sai na dama shi ya koma ruwa-ruwa. Har goro na fizge daga hannun Gwaggo Asabe a bakin ƙofa, ta yi fushi da ni kwana da kwanaki.

Wajen wata na biyu na fara jin wani wari in na matso kusa da ita. Ta ce kunu ne. Sai na lura tana dafe kumatun dama in ta idar da salla. Ta ce ba komai. Gwaggo ta ce a sa kanumfari. Da gefen ya kumbura, ban saurari kowa ba, na sa ta a mota.

Likita ta kwance haƙoran ƙasa, ta taɓa ƙarfen gefen dama da wani ɗan abu, na ga ya motsa da idona. Ƙarfen da ke kusa da shi ma ya motsa. Ta cire safar hannu ta zauna, ta ce, "Me Mama ta tauna?"

Raina ya ɓaci. Na ce babu, ni ke dafawa ni ke ba ta, ko tsinken nama bai shiga gidan ba. Ta ce ba zargina take ba, amma irin wannan sai an yi ta danna wuri ɗaya. Na ɗaga murya a ofishin mutane, na ce in aikinsu ne bai yi kyau ba su faɗa, kada a ɗora mini. Inna tana kwance a kujera tana kallon silin.

Washegari da hantsi na ja gadonta zan share, don likita ta ce a kula da tsabta. A jikin bango, ta wajen kai, sai ga su. Ƙwayoyin shanshera ne, kowace an raba ta biyu, da ɓawonsu, sun taru sun kusa cika tafin hannu biyu. Na ɗebo na kai mata har tabarma.

"Inna, mene ne wannan?"

"Shinkafa ce, ba ki gani?"

"Likita ba ta hana ki abu mai tauri ba?"

"Ci ta hana ni. Kin ga na haɗiye ko ɗaya? Ga su nan a hannunki, duk na tofar."

Wallahi da gaskiyarta take magana, ba wayo take mini ba. A wurinta cizon shanshera ba ya cikin lissafin abinci, aiki ne, kamar yadda tela ke tsinke zare da baki. Ashe duk mai zuwa dubiya da 'yar shinkafarta take zuwa, a ƙulle a bakin mayafi. Ina can ina dama musu fura, ana nan ana kwance ƙulli.

Ta ce, "Lantana ta baza dukiyar mutane a fili, hadari ya haɗo, ta zo ta tsuguna a gabana. In ce mata me? In ce ina da haƙora a baki amma ba zan duba mata ba?" Sannan ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini. "Kuma ko na ciza, kamar ta cikin tsumma nake ji. Sai in sake, in ƙara dannawa. Na ce ko kumburin ne bai gama sakina ba."

Na sa mayafi na tafi gidan Lantana. Abin da na faɗa mata a gaban jikokinta ba na rubutawa ba ne, mace ce sa'ar uwata. Ta yi ta kuka tana cewa, "Ƙwaya ɗaya ce fa, Saude, ƙwaya ɗaya tak nake kawowa." Kowaccensu ƙwaya ɗaya take kawowa. Na kira Yaya yana hanyar kudu na gaya masa. Ina jin ƙarar mota ta cikin wayar. Can ya ce, "To. Ki tambayi likita me za a yi."

Da na kai wa likita ƙwayoyin a ƙulle a takarda, ta juya su a tafin hannunta ta ce ita a birni ta tashi, ba ta taɓa sanin ana wannan ba. Ta ce mai yiwuwa sugan ma ya taimaka, ba za ta rantse a kan abu ɗaya ba. Na ba ta haƙurin ihun da na yi mata. Aikin hannunta na biyu ba ta karɓi komai ba, Allah ya saka mata, amma kayan aiki sai da aka saya, kuma Yaya ne ya ƙara kwana a titi. Ta cire ƙarafan da suka saki, ta wanke wurin, ta cika ramin da wani abu da ta kira garin ƙashi, ta ɗinke. Ta ce sai an jira watanni kafin a sake ɗaura wasu, sannan a sake jiran su kama. Inna ta dawo gida da haƙoran sama kawai, ƙasa fayau.

Wannan jiran shi ne ya gajiyar da ni. Damina ta shigo ta fita muna kan kunu da faten da aka tace. Inna ta koma shirunta, in na kawo kwano ta juya baya. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma ya kai ga tambayata ko akwai ranar dawowa. 'Yata ta fara kiran maƙwabciyarmu Umma. Hanyar Kano na haddace ta rami-rami. Akwai ranakun da na ji na gaji da uwata, na gaji da bakinta, na gaji da warin maganin kurkura, sai in yi istigfari in ɗora ruwa a wuta. Masu dubiya kuwa duk wadda ta yi sallama sai na ce ta kwance bakin mayafinta in gani. Suka sa mini suna 'yar kwastan, wasu suka ɗauke ƙafa. Ban damu ba.

Karo na biyu ƙashi ya kama. Sai da shekara ta zagayo, shanshera ta sake cika gari, sannan aka ɗaura mata na dindindin, sama da ƙasa. Suna da kyau, ba ƙarya. Fuskarta ta ciko, maganarta ta fito sarai, karatun sallarta ya daina fita da iska. Yaya ya tsaya a bakin titi ya sayo tsire, ya ajiye a gabanta. Ta ci tsinke guda tas, ta ce, "Gaya wa ɗan'uwanki Allah ya yi masa albarka." Ya juya ya fita zaure da sauri. Cikin 'yan makonni jikinta ya fara dawowa. Wannan duk na gode wa Allah a kansa, kuma ina godewa.

Ga masu shirin yi wa nasu, abin da zan ce kaɗan ne. Ku sauke suga tukun. Ku shirya wa jira, don jiran ya fi aikin wuya, kuma mai jinya ya fi kowa shan sa. Sannan kada ku tsaya a kan abin da tsohonku ke ci. Ku gaya wa likita abin da yake yi da bakinsa in ba ci yake ba, ko da kuna ganin ba abin faɗa ba ne. In ta faɗi wata magana kuka ji ta yi muku daɗi, ku ce ta sake faɗa, ku tambaye ta me take nufi.

Likita ta roƙi Inna ta bar cizon ɗanyar ƙwaya, ta ce yana iya gutsure haƙoran. Inna ta ce sau ɗaya kawai. Likita ta dube ni, na dube ta, ta ce to, sau ɗaya.

Ranar ta sa sabon zane. Na raka ta filin shanya bayan azahar, tamfol a baje ko'ina, mata suka taso suna mata barka. Lantana, da muka shirya da ita da ƙyar, ita ta ɗebo daga tsakiyar shanyarta ta miƙa da hannu biyu. Inna ta zaɓi ƙwaya, ta ɗora a gefen dama, ta lumshe ido. Muka ji ƙas. Kowa yana jiran ta ce kwashe ko bari. Ba ta buɗe ido ba. Ta tofar, ta ɗauki wata, ta kai gefen hagu. Ƙas.

Ta buɗe ido ta ce, "Na ji ƙararta a kunnena, kamar yadda kuka ji. Bakin bai gaya mini komai ba."

Lantana ta ce ko dai ba ta saba da su ba ne tukun. Inna ta girgiza kai. "Kafin ta fashe ake sani. Ko ta ba ki hanya, ko ta tsaya miki. Waɗannan sai dai su fasa." A nan maganar likita ta faɗo mini, wadda muka yi wa hamdala: ba su da jijiya. Na tuna gonar bakin kanal, na tuna damina guda ta kunu, na rasa inda zan sa idona.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta nemi kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta daɗe tana kallon shanyar. Can ta miƙa hannu ta ɗauko ƙwaya daga bakin tamfol inda rana ta fi duka, ta ɗauko wata daga tsakiya inda ta yi kauri, ta miƙo mini.

"Ciza wannan. A hankali, ba gyaɗa ba ce. To, yanzu wannan. Me kika ji?"

Na ce, "Tauri."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Sake."

Har yau in na tashi daga makaranta can nake wucewa, da allina a hannun riga, da gajiyata. Wani lokacin ina dacewa, sau da yawa ba na dacewa, sai an kai inji ake ganewa. Tana nan zaune a kujerarta a gefen tamfol, da haƙoran da suka fi na kowa kyau a filin, tana kallon bakina, tana jiran in gaya mata ko ta bushe.